Tafiya Cikin Zamani ta Kafar Rediyo: Nazarin Wani Wasan Kwaikwayo na BBC

A ranar 22 ga Fabrairu 2009 tasha ta uku ta gidan rediyon BBC ta watsa wasan kwaikwayo na minti 100 da Philip Osment ya tsara daga littafin H. G. Wells na 1895, The Time Machine, wanda malaman Faransanci suka fi sani da La Machine à explorer le temps. Jeremy Mortimer ne ya shirya shi, Robert Glenister ya fito a matsayin matafiyin, William Gaunt kuma a matsayin Wells.

Wani masani ne ya ƙera na'urar da ta kai shi shekara ta 802,701. Can ya tarar ƴan Adam sun rabu gida biyu: Eloi, jikokin masu hali, suna holewa a doron ƙasa ba aiki ba tunani, Morlock kuwa, jikokin ma'aikata, suna cikin ramuka suna juya injuna, da dare su fito su kama Eloi su ci. Gargaɗin Wells shi ne, in tazara tsakanin mai shi da marar shi ta yi nisa, wata rana bara zai ci ubangidansa.

Babban armashin wasan shi ne shimfiɗar da Osment ya yi masa. Ya ɗora Wells, ya tsufa, a kan rufin gidan BBC lokacin da jiragen Jamus ke ruwan bama-bamai a Landan cikin Yaƙin Duniya na Biyu, yana ba wata ƴar jarida Ba'amurkiya, Martha, labarin a matsayin abin da ya faru da gaske. Da wannan dabara gargaɗin ya tashi daga hasashe ya zama abin da ke aukuwa a kan idon mai ba da labari. Haka kuma rediyo ya fi silima dacewa da ramukan Morlock, domin mai sauraro da matafiyin duka a duhu suke, kowa da kunne yake lalube.

Sai dai wasan bai rasa rauni ba. Na farko, labari ne cikin labari: matafiyi ya gaya wa Wells, Wells ya gaya wa Martha, sannan ya iso ga mai sauraro. Ga shi matafiyin ba shi da abokin zance na sosai a can, domin harshen Eloi ƙalilan ne, Morlock kuma ba a jin ta bakinsu. Dole nauyi ya koma kan bayani, alhali wasan kwaikwayo da musayar magana yake rayuwa. Na biyu, amon yaƙi yana jan hankali daga batun talaka da mai kuɗi, wanda shi ne ƙashin bayan littafin. Na uku, a littafin matafiyin ya sake tafiya bai dawo ba, aka bar mai ba da labari da furanni biyu da zullumi. Wasan ya ƙara saƙon murya da ya aiko daga gaba, sai ya toshe ƙofar da Wells ya bari a buɗe da gangan.

Wannan fage ba baƙo ba ne ga Bahaushe. Ƙissar Ashabul Kahafi ta saba masa da mutanen da suka farka cikin zamanin da ba nasu ba, kuma tun 1969 Umaru Dembo ya kai yaro sararin samaniya a Tauraruwa Mai Wutsiya. Ɗalibin Garhanga ma yana da shaida a ƙarƙashin ƙafarsa: duwatsun Adar na ɗauke da burbushin halittun teku, kuma dattawan Kaita sun ga tsaunuka sun yi sanƙo, sun ga an sake dasa su tun daga 1984. Ƙungiyar al'adu ta Buza ko Madawa da ke son mayar da irin wannan labari cikin Hausa don rediyon karkara, ya kamata ta riƙe duhun, ta rage bayani, ta ba matafiyin abokin tafiya, ta kuma ba Morlock baki su faɗi yadda aka yi suka koma rami.