Masu Hannun Taɓa Tsohuwar Takarda

Darasin farko da ake koya wa mai adana kayan tarihi shi ne ya iya kame hannunsa. Ɓarnar da ke samun tsofaffin littattafai ba duka ba ce aikin gara da ɓera, da yawa daga ciki aikin masoya ne. Wani ya ga takardar kakansa ta yage ya manna mata salatif, bayan 'yan shekaru ƙaron ya jiƙe ta, ta yi ja, rubutun ya bi shi. Wani kuma ya ƙulle littafi cikin leda don gudun ruwa, ashe laima ya tsare a ciki, takardu suka yi fumfuna.

Wannan magana ta shafi Doma ƙwarai. Garin Alago ne mai tsohuwar sarauta, ga fadar Andoma, ga kayan bikin Odu, ga gidajen malamai masu gafaka a rataye. Damina kuwa ta fi daɗewa a nan bisa ga Sakkwato ko Katsina, don haka abin da busasshiyar iska ke karewa a can, a nan sai mutum ya tashi tsaye.

Kalli gwani yana buɗe littafi. Sai ya wanke hannu ya shanya tukuna. Littattafanmu na da ba a ɗinke su ba, warƙa-warƙa ne, idan suka watse shi ke nan. Amma magabata sun bar dabara: a ƙasan shafi sukan rubuta kalmar da za ta buɗe warƙa ta gaba. Da ita gwani ke bin sawu har ya mayar da kowace mazauninta, sannan ya sa lamba a gefe da fensir, ban da biro. Ƙura kuma da buroshi mai laushi ake share ta, daga tsakiya zuwa baki. In ya ɗaga takardar ga haske ya hango jinjirin wata uku a jikinta, ya san irin ta Italiya ce da fatake suka riƙa ratso Sahara da ita. Yagewa ana gyara ta da siririyar takardar Jafan da sitacin alkama, domin gobe in an sami wanda ya fi shi iyawa, ɗan danshi kaɗan zai ɓare gyaran ba tare da rauni ba. Wannan tawali'un ne ya fi burge ni a sana'ar.

Ba sai an je Turai ake koyonta ba. A 2008 Michaelle Biddle, ƙwararriya daga Jami'ar Wesleyan ta Amurka, ta zagaya ɗakunan ajiyar littattafai a Arewa, daga bisani ta horar da ma'aikata tare da Arewa House ta Kaduna, aka gyara littattafan Modibbo Fufore a Yola. A Tumbuktu ma, iyalai ne suka fitar da littattafansu zuwa Bamako a rikicin 2012, inda laima ta zama sabuwar abokiyar gaba.

Sauran aikin ba ya cin kuɗi: a ɗaga akwati daga ƙasa, a janye shi daga bango, a riƙa dubawa, a ɗauki hoton kowane shafi ko da waya ce. Ƙungiyoyin matasa da na raya al'adu a Doma su nemi ma'aikatan gidan tarihi na Lafiya su koya musu. Kafin nan, su zauna da dattawa su rubuta wa ya mallaki kowane kaya, da yaushe ake fito da shi, tun masu sanin suna raye.