Aro da Ƙirƙira a Hausar Littattafan Fara Sanin Addini: Tsokaci Daga Suleja

1.0 Gabatarwa

Da wuya a sami Musulmin da ya yi karatun zaure a ƙasar Hausa bai bi ta kan ƙananan littattafan nan da ake fara sanin addini da su ba, wato Ƙawa'idi da Ahalari da Ishmawi da Iziyya, kafin a kai ga Risala. Da Larabci aka rubuta su, amma da Hausa ake koyar da su: almajiri ya ja baƙi, malami ya fassara masa kalma bayan kalma, ya tafi ya yi ta bita har ta zauna. Wannan fassara ta baka, wadda ake gado daga malami zuwa almajiri, matani ce mai zaman kanta wadda ta cancanci nazari. Manufar wannan maƙala ita ce ta duba yadda malaman zaure suka zaɓi kalmomin da suke koyar da imani da ibada da su, sannan ta auna wannan zaɓi da na ƙananan littattafan boko da ake bugawa a kan wannan fanni. An ɗauki Suleja a matsayin ma'auni saboda dalilin da za a bayyana.

2.0 Dalilin Zaɓen Suleja

Suleja gari ne na Zazzagawa. Bayan da mayaƙan jihadi suka ci Zariya a farkon ƙarni na 19, Sarkin Zazzau Muhammadu Makau ya yo kudu da jama'arsa, kuma ɗan'uwansa Abu Ja ya kafa garin Abuja a 1828, kamar yadda Malam Hassan da Malam Shu'aibu Na'ibi suka kawo a tarihin garin da suka rubuta. Da aka yanke shawarar kafa sabon babban birnin tarayya a 1976, sai aka ɗauki sunan Abuja aka ba shi, tsohon garin ya koma Suleja, daga sunan Sarki Sulaimanu Barau. Tun daga kafuwarsa Hausawan garin suke zaune tsakiyar Gwari da Koro da Gade da Gwandara, sannan komawar gwamnati Abuja a 1991 ta ƙara kwararo masa baƙi daga kowace kusurwa ta ƙasar nan.

Sakamakon haka shi ne, da yawa daga cikin masu zama gaban malami a Suleja, ko masu sayen littafin addini a bakin masallacin Juma'a, Hausa ba harshen da suka sha a nono ba ce. Da Hausar kasuwa suke shiga karatun. Kalmar da ɗan Kano ko ɗan Katsina zai gane ta hanyar sabo, a nan dole ta tsaya da ƙafarta. Don haka wurin ya dace da gwajin kowace fassara.

3.0 Tsarin Malaman Zaure

Ahalari, na Abdurrahman al-Ahdari, malamin Aljeriya na ƙarni na 16, ya fara ne da gyaran imani da ladubba, sannan ya shiga tsarki da salla, ya ƙare da hukuncin rafkanuwa. Ishmawi ya ƙara da azumi. Risala ta Ibnu Abi Zaidin Alƙairawani, wanda ya rasu a 996, ta buɗe da babin abin da zuciya za ta ƙudurce kafin ta shiga hukunce-hukunce. Ke nan fannoni biyu ne ke gaban mai fassara: abin da ake aikatawa da abin da ake ƙudurcewa. Idan aka lura da kyau, za a ga malaman zaure ba hanya ɗaya suka bi da su ba.

3.1 Kalmomin Ibada

A fannin ibada, aro ya fi yawa: salla, alwala, taimama, janaba, zakka, liman, ladan, azahar, la'asar, lisha. Aron nan tsoho ne ƙwarai, shi ya sa kalmomin suka saje da harshen. Wasu sun shigo tare da harafin nan na Larabci mai fayyace suna har ya zama jikinsu, kamar liman da lisha da lahira. Wasu kuma suna ɗauke da lafazin harafin ladi irin na malaman Afirka ta Yamma, kamar alwala da farilla da haila da Ramalan. Greenberg, a 1947 da 1960, da Hiskett, a 1965, sun yi muhawara a kan zamanin shigowarsu da hanyoyin da suka biyo, ciki har da hanyar Barebari, sannan Kossmann a 2005 ya bi sawun waɗanda suka ratso ta harsunan Buzaye da danginsu. Abin da ya shafe mu a nan shi ne, aron bai hana fahimta ba, domin ma'anar waɗannan kalmomi a aikace ake ganinta. Yaron da ya ga mahaifinsa ya ɗauki buta ya wanke gaɓoɓinsa ba ya bukatar a fassara masa alwala.

3.2 Kalmomin Imani

A fannin tauhidi kuwa, inda mutum zai zaci Larabci zai fi yawa saboda zurfin batun, a nan ne malaman suka koma rumbun Hausa. Siffofin Ubangiji da ake haddacewa sun zama samuwa, daɗewa, wanzuwa, saɓa wa fararru, tsayuwa da kai, kaɗaitaka, iko, nufi, sani, rayuwa, ji, gani da zance. Abin da hankali ba ya karɓar samuwarsa suka kira shi korarre. Duk abin da ba Allah ba suka kira shi fararre, wato abin da yake da ranar farawa. Hatta ginshiƙan addinin guda biyar an ba su suna daga aikin gini: shikashikai, jam'in shisshike, itacen da ke riƙe da rufin ɗaki.

Wannan bambanci ba haɗari ba ne. Tauhidin da ya yaɗu a Afirka ta Yamma ya sha daga littattafan Muhammadu Sanusi na Tilimsan, wanda ya rasu a 1490, kuma ya matsa a kan mutum ya san abin da ya yi imani da shi da hujja. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya yi raddi ga waɗanda suka wuce gona da iri har suna kafirta talakawa don ba su iya zancen malaman tauhidi ba, amma maganin da ya bi shi ne karantar da su da Fulatanci da Hausa, aikin da Nana Asma'u ta ci gaba da shi a tsakanin mata. Imani a zuci yake, ba a nuna shi da hannu kamar ruku'u. Idan kalmar ba ta isar da ma'ana ba, babu wata kafa da ma'anar za ta bi. Ka'idar malaman zaure ke nan a taƙaice: abin da ido zai gani a bar masa sunansa na aro, abin da sai zuciya ta gane a nema masa Hausa.

4.0 Littattafan Boko

Marubutan farko da suka mayar da wannan ilimi cikin rubutun boko, irin su Alhaji Haliru Binji mai littafin Ibada da Hukunci, almajiran zaure ne kafin su zama malaman aji, kuma sun rubuta ne don ɗan makaranta da ɗalibin yaƙi da jahilci su karanta da kansu. Fassarar Alƙur'ani ta Shaihu Abubakar Mahmud Gumi, wadda ta fito a 1979, ita ma ta nuna iyakar abin da Hausa tsantsa za ta iya ɗauka.

Ƙananan littattafan da suka biyo baya, waɗanda ake shimfiɗawa a tabarma ranar Juma'a, da yawansu sun juya wancan tsari. A babin imani sai a tarar da rububiyya da uluhiyya da ɗagutu da manhaji a jere, an sa musu harafin boko an wuce. Wannan ba don Hausa ta gaza ba ne, domin masu wa'azi na kirki sukan ce kaɗaita Allah da ayyukansa, da kaɗaita shi da bauta, kuma kowa ya gane. A babin ibada kuwa, inda Hausa ta riga ta mallaki kalmominta, sai a ga ana mayar da su gida: wudu'i a madadin alwala, siyamu a madadin azumi, rukunai a madadin shikashikai. Ba a nan ake hukunta saɓanin aƙida da ke tsakanin malamai ba. Batun harshe ake yi, kuma aibin ya ratsa kowane ɓangare. Bagwariyar da ta musulunta a Madalla ta sayi littafi don ta san abin da ta shiga, an ba ta baƙuwar kalma a wurin da ta fi bukatar bayani, an kuma canza mata wadda ta riga ta ji a bakin maƙwabta. An bar jaki ana dukan taiki.

5.0 Raunin Hausar Zaure

Adalci ya wajabta a faɗi cewa tsohuwar fassarar ma tana da nata rauni, kuma zaman aiki a wannan yanki ya sa na ga yadda yake fitowa fili.

Na farko, ma'anoni sun gusa. A Hausar yau korarre shi ne wanda aka sallama daga aiki ko makaranta. Nufi ya fi karkata ga ma'anar magana. Daɗewa kuwa tana nuna tsawon zamani ne kawai, alhali abin da ya daɗe yana iya kasancewa da farko, wanda shi ne ainihin abin da siffar take korewa. Shi ya sa malami mai lura yakan ƙara da cewa marar farko.

Na biyu, ginin jimlar yakan bi Larabci sawu da ƙafa, har a sami Hausar da ba a yin ta a ko'ina sai a gaban littafi.

Na uku, kuma mafi hatsari, shi ne batun furuci da rubutu. A Ahalari akwai kari, wato abin da ke karya tsarki, akwai kuma ƙari, wato abin da mai salla ya daɗa da mantuwa, wanda ke jawo sujada bayan sallama. Mai Hausar kasuwa sau da yawa ba ya bambanta k da ƙ, kuma maɗaba'o'i da yawa ba sa sa lanƙwasa, balle rubutun waya. Sai kalmomin biyu su zama ɗaya a kunne da a takarda, alhali ɗaya tana bukatar sabon tsarki, ɗaya kuwa sujada biyu kawai. Haka tsarki yakan koma sarki a bakin wanda ba ya furta ts. Daɗin daɗawa, wannan Hausa takan zubar da bambancin jinsi, ta ce ya a inda ake cewa ta, a fannin da hukuncin mace yakan bambanta da na namiji. Kuskuren ka'idar rubutu a littafin labari abin dariya ne. A littafin tsarki yana iya ɓata wa mutum salla.

6.0 Kammalawa

Abin da ya cancanci a gada daga malaman zaure shi ne ka'idarsu, ko da wasu kalmominsu sun tsufa. Sun san inda aro ya wadatar, sun san inda ba makawa sai an ƙirƙira. Marubucin yau da ke son bin sawunsu zai bar alwala da azumi a yadda harshe ya karɓe su, ya kashe ƙarfinsa wajen nemo wa kalmomin imani Hausar da ɗan Suleja zai gane, ya kuma tsaya a kan maɗaba'a har ta sa kowace lanƙwasa a wurinta.

Akwai aiki a kan masana harshe su ma. Ƙamus ɗin keɓaɓɓun kalmomin nazarin Hausa da Ɗalhatu Muhammad ya tace, wanda ya fito a 1990, ya nuna cewa ana iya zama a daidaita kalmomin fanni guda. Fannin addini yana bukatar irin wannan zama tsakanin malaman jami'a da malaman zaure. Matakin farko shi ne a naɗi fassarar Ƙawa'idi da Ahalari daga bakin tsofaffin malamai a Sakkwato da Kano da Zariya da Suleja, a rubuta ta, a kwatanta, tun masu ita suna raye.