Ƙofa ɗaya ta ƙi buɗuwa, sai a miƙa makullin gida duka?

In kana kula da sabar IBM i, wadda har gobe mutane ke kira AS/400, sunan da ta fito da shi a 1988, ka san wannan ƙorafin. Ma'aikaci yana ganin fayil a allonsa mai koren rubutu, amma da ya zo ɗauko shi ta FTP sai na'ura ta amsa masa da 550. Shawarar da aka fi bayarwa ita ce, a ba shi *ALLOBJ kowa ya huta. Ni dai ban ga gyara a nan ba.

Duba abin da ke faruwa. A allon nan, sau da yawa ba da ikonsa ma'aikacin ke buɗe fayil ba. Manhajar ce ke aron ikon mai ita, ta buɗe masa. FTP kuwa babu ruwansa da wannan aro. Abin da yake dubawa shi ne izinin da aka rubuta wa mutumin, ko rukuninsa, ko *PUBLIC, a kan laburaren da kuma fayil ɗin. Ka ga ke nan na'urar ba ta lalace ba, gaskiyar izininsa ce ta fito fili.

To me *ALLOBJ ya yi? Ya ba mutumin da ke neman fayil ɗaya tak damar karantawa, sauyawa da goge kusan komai, har da albashin abokan aikinsa. Kar ka manta kuma, FTP na gargajiya, wanda aka tsara ƙa'idarsa a 1985, a buɗe yake aika kalmar sirri. Duk wanda ya tsince ta a hanya ya gaji wannan iko.

Amma fa IBM ma tana da nata kason. Shingayen a warwatse suke: izinin fayil daban, takunkumin WRKFCNUSG daban, ga kuma manhajar tsaron ƙofa da ake ɗaurawa a QIBM_QTMF_SERVER_REQ, wadda sai ka leƙa WRKREGINF za ka san tana nan. Saƙon da mai amfani ke gani ba kasafai yake nuna wanne ne ya tare shi ba. Wanda aka matsa wa lamba da ƙarfe huɗu na yamma, dole ya nemi gajeriyar hanya.

Hanyar da ta dace ba ta da tsawo sosai. In 530 ka gani, tun wajen shiga aka tsayar da shi, duba asusunsa. In 550 ne, buɗe QAUDJRN ka nemi shigarwar AF, muddin an kunna *AUTFAIL. Za ta faɗa maka abin da aka hana da wanda aka hana. Galibi *USE a kan laburare da fayil ya isa ɗaukowa. In kuwa manhajar tsaron ƙofar ce ta ƙi shi, ko ka ba shi *ALLOBJ tana iya sake korarsa.