Zabura ta 112 da Tiyar Gero

Bahaushe bai jira 'yan mishan ba kafin ya ji sunan Zabura. Kowane almajiri a Matameye ya san littafi ne da aka bai wa Annabi Dawuda. Abin da Kiristocin ƙasar Damagaram suke riƙe da shi, su da ba su da yawa tun zuwan mishan ɗin SIM Zinder a 1924, shi ne waƙoƙin nan 150 a cikin Hausa, fassarar da ta fito cikin cikakken Littafi Mai Tsarki a 1932. Ɗaya daga ciki nake son mu duba, ta 112.

A Ibrananci tagwaye ne ita da ta 111. Kowace tana buɗewa da Halleluya, kowace tana da ɗango 22, kowane ɗango yana farawa da harafi na gaba a jerin baƙaƙen harshen, dabarar da ke sauƙaƙa hadda. Fassara ta cinye wannan ado, kamar yadda amsa-amon waƙar Hausa ke salwanta idan an kai ta Faransanci. Amma gini ya tsira: ta 111 tana lissafa halayen Ubangiji, alheri da jinƙai da adalci mai ɗorewa, ta 112 kuma ta ɗauki waɗannan kalmomi ta yafa wa mutum mai tsoron Allah. Wato yabo a nan kwaikwayo ne. Wanda kake yabo, halinsa ake nema a jikinka.

To, da me mawaƙin ya auna mutumin? Da rance. Ya ce mai adalci yana ba da bashi hannu sake, yana rabawa matalauta. Manomin Kance ba ya bukatar fasto ya fassara masa wannan. A watan Agusta, gero na kore shar a gona, rumbu kuwa wayam, maƙwabci ya yi sallama yana neman tiya biyu. Akwai mai aunawa ya ce a maido masa huɗu da kaka. Zabura ta 15 ta riga ta tsame mai cin ruwa daga waɗanda za su zauna a wurin Ubangiji, kuma limamin unguwa ma haka zai faɗa game da riba. Nan ne addinan biyu suke haɗuwa a bakin rumbu ɗaya, ko da ba su haɗu a masallaci ko majami'a ba.

Inda nake da ja shi ne aya ta uku, wadda ta ambaci wadata a gidan mai adalci. Masu wa'azin arziki, irin wanda ya kwararo daga Najeriya, sun ƙanƙame ta kamar takardar alkawarin mota da bene. Karanta ta haka a Kance zalunci ne. A watan Oktoba na 2013 an tsinci gawa 92 a hamada kusa da iyakar Aljeriya, galibi mata da yara, da yawansu daga wannan yanki, talauci ya kore su. Wa zai ce rashin adalcinsu ne? Waƙar da kanta ba ta ɓoye duhu ba: ta yi zancen haske a cikinsa, ta yi zancen mugun labari, ta ce zuciyar mutumin ba ta razana idan ya zo. Ba ta ce ba zai zo ba.

Ya kuwa zo. Ranar 16 ga Janairun 2015 aka cinna wa majami'un Zinder wuta kan zanen mujallar Charlie Hebdo, abin da Kiristocin garin ba su da hannu a ciki. Aya ta bakwai, ta mugun labari, ita ce ta yi musu daidai a ranar. Ta uku ba ta da wurin tsayawa a cikin toka.