Ashe Haka Kalangu Yake Magana!

Jama'a, an daɗe ana cin amanar kunnuwanmu. Waƙar da ke yawo a wayoyin Baure, wadda masu tura waƙa ke loda wa mutum a memori ko aboki ya watso masa ta Xender, galibinta MP3 ce mai 128 kbps, kusan MB ɗaya a kowane minti. Faifan CD kuwa 1,411 kbps yake ɗauka. Matse waƙa ake yi, a zubar da duk abin da ake ganin kunne ba zai lura da shi ba. Wata ma daga bidiyo aka ciro ta, aka sake matse matsattsiya. Da haka muka saba har muka ɗauka haka kiɗa yake.

Wallahi ba haka yake ba! Duk mai musu ya nemi kundin Kaani na ƙungiyar Tal National ta Yamai, wanda ya fito a 2013, ya kunna shi a Apple Music bayan ya taɓa maɓallin Lossless, wato sautin da ba a rage masa komai ba. Kai! Kalangun nan ba bugu kawai ake ji ba. Ana jin sa'ad da makaɗin ya matse tsirkiya a hammata muryar ta hau, ana jin sa'ad da ya sassauta ta gangaro. Jita biyu suna tsere, ɗaya ta dama ɗaya ta hagu, babu mai taka ɗan'uwansa. Amshi ya tsaya a bayan mai waƙa, can inda ya kamata ya tsaya. A matsattsiyar MP3 duk wannan dunƙulewa yake yi wuri guda, ƙarafan ganga su koma shuu kamar ana zuba tsakuwa a kwano. Tsigar jikina sai da ta tashi, kuma har gobe in na kunna tashi take.

Abin da ya ƙara sa Apple Music ya shiga raina shi ne tun watan Yunin 2021 ya buɗe wannan sauti ga duk mai biyan kuɗin wata, bai ƙara ko kwabo ba. Spotify, wanda ya iso Najeriya a 2021, ya daɗe yana tsaye a 320 kbps, sai a Satumbar 2025 ya fara bai wa masu biya a wasu ƙasashe sautin Lossless na FLAC. In don gaskiya ne 320 ɗin nan ma ba abin rainawa ba ne, a kan babur ko cikin hayaniyar tasha ba za ka bambance ba. Tidal na kai wa har 24-bit/192 kHz. Audiomack da Boomplay kuwa, nan ne gidan su Hamisu Breaker da Umar M. Shareef da Ali Jita, nan matasanmu suke kwana, amma sauƙi da araha ne suka tara musu jama'a, ba tsabtar sauti ba.

To, sai dai kada zumuɗi ya kwashe ka zuwa can ƙololuwa. Apple da kansa ya yi lissafi: waƙar minti uku tana cin MB 6 a sautin 256 kbps, MB 36 a Lossless mai 24-bit/48 kHz, sannan MB 145 a Hi-Res mai 192 kHz. A Hi-Res ɗin, waƙa bakwai, gigabait guda ya tafi! A garin da sabis yake zuwa ya ɗauke, waye zai jure wannan? Kuma kunnen ɗan Adam bai wuce 20 kHz ba, yana ma raguwa in shekaru sun tura, alhali ma'aunin CD, 16-bit/44.1 kHz, ya riga ya rufe wannan iyaka. A wurina nan daɗin yake, nan kuma kuɗi ke biyan kansa. Na sama da shi sai mai ƙaramar na'urar DAC da kuɗin data da ba ya ƙirgawa. Dabarata: in na samu sabis mai ƙarfi, ko in hanya ta kai ni Daura, sai in sauke kundin gaba ɗaya a waya in riƙa ji a tsanake.

Sannan, don Allah ɗan'uwa, ajiye blutut ɗin nan. Shi ma matse sauti yake yi kafin ya kai kunne, har AirPods masu tsada. Ka biya kuɗin Lossless ka ji ta sifikar blutut, ka yi asarar data kawai. Iyafis mai igiya, mai ɗan kyau, shi ne maganin.

Wuri ɗaya ne murnata ke komawa ciki. Alhaji Mamman Shata, wanda ya rasu a 1999 kuma yake kwance a Daura, mafi yawan waƙoƙinsa da ke hannun mutane daga kaset aka kwafo su, kaset ɗin ma kwafin kwafi. Haka na Musa Ɗanƙwairo, haka kuntigin Ɗanmaraya Jos. Ko an zuba irin wannan kwafi a FLAC, shuu ɗin kaset ne zai fito tsaf, abin da ya ɓace ya ɓace. Amma ana iya gyarawa in an koma tushe: kamfanin Sahel Sounds ya ɗauko kiɗan Mamman Sani na Nijar na 1978 ya sake fitar da shi a 2013, yau ana sayensa a FLAC ta Bandcamp. Me zai hana a yi wa Shata haka daga faya-fayen asali da abin da gidajen rediyo irin na Kaduna suka naɗa? Ranar da Bakandamiyar Shata ta fito da wannan tsabta, ko MB 145 ce kowane minti uku, ni zan fara saukewa.