Sharhi kan Babi na 8 na «Référence Debian» Dangane da Rubutun Harsunan Damargu

0. Gabatarwa

Maƙasudin wannan ƴar maƙala shi ne a duba yadda manhajoji masu ƴanci, waɗanda ƴan sa-kai suke haɗawa su rarraba kyauta, suke nuna wa mai amfani da su hanyar rubuta harshensa. Mun ɗauki Debian don ta zama abin misali saboda daga gare ta Ubuntu da Linux Mint suka samo asali, kuma tun da Ian Murdock ya kafa ta a 1993 ba kamfani ne yake tafiyar da ita ba. Mun kuma ɗauki Damargu, wato gundumar Tanut da ta Belbeji wadda aka cire daga jikinta a 2011, saboda a wannan yanki na arewacin Damagaram Hausawa da Dagira da Abzinawa da Fulani suna cin kasuwa ɗaya, kuma ana rubutu iri uku: boko, ajami da tifinag. Abin da za mu yi ƙoƙarin nunawa shi ne, yawancin baƙaƙen da ake bukata suna nan cikin na'urar, amma littafin da ya kamata ya kai mutum gare su bai san da zamansa ba.

1. Yadda matsalar ta bayyana

Wani ɗalibinmu ya tafi Gangara da Tarka ya ɗauko tatsuniyoyi, ya buga su a kan wata tsohuwar kwamfuta da muka sa mata Debian don ita ce ba ta yi mata nauyi. Wani sashe na aikin abokansa ne suka buga masa. Da rubutun ya iso hannunmu sai muka tarar an rubuta kalma ɗaya ta hanya huɗu:

(1) a. ƴaƴa
b. 'ya'ya
c. ’ya’ya
d. yaya

Ta (1a) ita ce ƙa'idar Nijar, kamar yadda dokar ma'aikatar ilimi mai lamba 212 ta ranar 19 ga Oktoba 1999 ta tsayar. Ta (1b) da ta (1c) al'adar Nijeriya ce, sai dai alamar da ke gaban y ba ɗaya ba ce a wurin na'ura ko da ido bai rarrabe ba. Ta (1d) kuwa wata kalma ce dabam. Haka kuma «baƙi» suka koma «baki», «faɗa» ta koma «fada», «ƙafa» ta koma «kafa». Bahaushe mai karatu zai gane daga abin da ya gabata, amma na'ura ba ta ganewa, kuma wanda yake son ya ƙidaya kalmomi ko ya jera su don ƙamus ya rasa tudun dafawa. Mun tambayi ɗalibin dalili, ya ce ya buɗe littafin jagora bai ga inda aka yi maganar ƙ ba. Shi ya sa muka je muka karanta littafin da kanmu.

2. Abin da babin ya ƙunsa

«Référence Debian» fassarar Faransanci ce ta littafin da Osamu Aoki ya rubuta da Ingilishi. Babi na 8 shi ne ya shafi harsuna. Ya yi bayanin abin da masu sana'ar suke kira lokal, wato takardar da ke gaya wa na'ura harshe da ƙasa da yadda ake rubuta kwanan wata da kuɗi da jerin baƙaƙe. Ya yi bayanin dalilin amfani da UTF-8, sa'an nan allon bugawa, sa'an nan abin da ke fitowa a fuskar na'ura. Dole a yaba masa: bayanin gajere ne, babu kame-kame, kuma umurnin da ya bayar yana aiki. Amma misalin da aka bi daki-daki na Japananci ne, kuma an keɓe sashe guda don faɗin baƙaƙen Gabashin Asiya. Wannan ba abin zargi ba ne ga marubucin, abin da ya sani ya rubuta, kuma ba a biya shi ko dala ba. Sai dai malamin makaranta a Tanut da ya karanta babin daga farko har ƙarshe zai tashi bai san yadda zai fitar da ɗ ba.

Ga abin da babin bai faɗa ba. Baƙaƙen nan masu lanƙwasa sun daɗe a cikin Unicode tun farkon shekarun 1990: ɓ tana da lamba 0253, ɗ 0257, ƙ 0199, ƴ 01B4. A yawancin manhajojin da ke kan teburin GNOME, idan mutum ya danna Ctrl da Shift da U tare, ya buga lambar, baƙin zai fito. Kuma kowa yana iya buɗe ƙaramin fayil mai suna .XCompose a cikin jakarsa ya tsara wa kansa gajeriyar hanya. Layi goma sun isa a bayyana wannan duka, da ɗalibinmu ya same su da bai ɓata wata guda yana gyara ba.

3. Nijar ba ta cikin jerin

A nan ne giɓin bayani ya haɗu da giɓin aiki, kuma ya kamata a rarrabe su. Jerin lokal da Debian take amfani da shi daga glibc yake zuwa, ba ita ta rubuta shi ba. A cikinsa akwai ha_NG, wato Hausar Nijeriya, akwai wo_SN da ff_SN na Wolof da Fulatancin Senegal. Babu ko ɗaya na Nijar, har ma Faransancin da ke ciki na Faransa ne da Beljiyam da Suwizalan da Lukzambur da Kanada. Ke nan ma'aikaci a Belbeji zaɓi biyu gare shi: ko ya ɗauki fr_FR kuɗinsa ya koma yuro, ko ya ɗauki ha_NG ya koma naira. Sefa ba ta samuwa sai ya ce shi ɗan Senegal ne. Abin mamaki shi ne, a wata ma'ajiyar ta dabam, wato CLDR ta ƙungiyar Unicode, akwai ha_NE, kuma da ƴ take rubutu. Aikin ya riga ya yi rabi, ba a dai ɗauko shi an kai inda ake bukata ba.

Haka abin yake game da allon bugawa. Tarin da ake kira xkeyboard-config yana da tsarin Hausa har biyu, ɗaya a ƙarƙashin Nijeriya, ɗaya a ƙarƙashin Gana. Dukansu a kan QWERTY aka gina su. Mu kuwa da AZERTY muka tashi tun zamanin keken rubutu, kuma duk wanda yake rubuta Hausa a ofis ko a makaranta a ƙasar nan yana rubuta Faransanci a shafi ɗaya, yana bukatar é da è da ç a kusa da yatsa. In ya ɗauki tsarin Nijeriya sai a ta koma q, m ta bar gurbinta. Mali tana da nata fayil, Togo tana da nata, Kamaru ma haka, har da na AZERTY. Nijar babu.

Akwai wani ɗan abu da ya ba mu dariya kafin ya ba mu haushi. A cikin babban fayil na haɗa baƙaƙe akwai wata alama ta lanƙwasa da ake dannawa kafin baƙi. In aka bi ta da b sai ɓ ta fito, da d sai ɗ, da k sai ƙ. In aka bi ta da y sai ỷ ta fito, wadda wasali ce ta harshen Biyetnam. Baƙi ɗaya tilo da ya bambanta rubutun Hausar Nijar da na Nijeriya shi ne ya faɗa ramin. Babu wanda ya yi wannan da gangan. Masu Biyetnamanci sun riga zuwa ne, mu kuwa ba mu je ba.

Ko da an sami baƙaƙen, saura alamar hamza ta «jami'a» da «sana'a». Idan LibreOffice tana tsammanin Faransanci ake bugawa, za ta sauya alamar da kanta, ta kuma sa tazara kafin alamar tambaya da ta motsin rai bisa ƙa'idar Faransa. Daga nan (1c) ta fito. Unicode tana da alama ta musamman, 02BC, wadda ake lissafa ta a matsayin baƙi, ba ta raba kalma biyu. Ba mu ce lalle ita za a ɗauka ba, amma tilas ne a tsayar da ɗaya a rubuta a wurin da mai bugawa zai gani.

4. Tamajak, Barbarci, tifinag da ajami

Dokokin 1999 ba Hausa kaɗai suka shafa ba. Fulatanci da Barbarci da Tamajak da Zabarmanci kowane ya sami tasa. Tamajak tana bukatar ă da ɣ da š da baƙaƙe masu ɗigo a ƙasa irin su ḍ da ṭ da ẓ. Ita da Barbarci suna tarayya a wasalin nan mai kama da e a kife, kuma a Unicode akwai biyu masu kama ɗaya: ǝ mai lamba 01DD wadda babbarta Ǝ ce, da ə mai lamba 0259 wadda babbarta Ə ce. Wanda ya gauraya su ba zai sani ba sai ranar da ya nemi kalma a ƙamusunsa na'ura ta ce babu. Masu aikin DiLAF, da suka mayar da ƙamusoshin shirin Soutéba zuwa na'ura tare da ma'aikatan INDRAP, sun sha fama da irin wannan, musamman da tsofaffin zubin baƙaƙe da aka yi wa kwaskwarima a gida kafin Unicode ta yaɗu.

Tifinag ta shiga Unicode a 2005, kuma a cikin sunayen baƙaƙen har akwai mai sunan Ayar da mai sunan Tawallammat. Amma tsarin bugawa da ake samu na Maroko ne da Aljeriya, an gina na Maroko a kan abacadar da cibiyar IRCAM ta Rabat ta tsara, mai rubuta wasula duka. Ba ita ce wadda tsohuwa take zana wa jikanta a yashi a Tenhiya ba, inda ake barin yawancin wasula kuma ake haɗa baƙaƙe biyu su zama ɗaya.

Ajami ya fi sa'a ta wani fanni. A 2016 an ƙara fa'un da ƙafun da nunun na rubutun Warshu, a 2020 aka ƙara wasu masu ɗigo uku da Hausa take bukata. SIL ta fitar da zubin Harmattan da na Alkalami, wanda aka kwaikwayo daga hannun Kano, kuma dukansu suna cikin rumbun Debian. To, amma wa zai gaya wa alaramma ko ɗalibin da ke nazarin takardun tsangaya cewa suna nan? Allon Larabci da ya zo da na'urar ba shi da waɗannan baƙaƙe.

5. Laifin wa?

Ana yawan cewa manhaja mai ƴanci kowa yana iya gyara ta. Gaskiya ne a ƙa'ida. A aikace, wanda ya ga babu ha_NE dole ya san cewa ba wurin Debian zai kai kuka ba, wurin masu glibc ne; na allon bugawa kuma wata ƙofa ce dabam; kuma da Ingilishi ake shigar da ƙorafi. Babi na 8 bai zana wannan taswira ba, kuma a ganinmu wannan ne babban rauninsa, ya fi rashin misalin Hausa. Littafin jagora na aikin sa-kai ya kamata ya nuna wa baƙo inda zai ajiye nasa kayan.

Sai dai ba za mu tsaya nan mu wanke hannunmu ba. Tun 1973 aka buɗe makarantar gwaji ta farko mai koyarwa da Hausa a Damagaram. Dokar 2001 ta jera harsunan ƙasa goma, kundin sake gina ƙasa na Maris 2025 kuma ya ɗaga Hausa ta zama harshen ƙasa. Shekara fiye da 25 ke nan da tsayar da ƙa'idojin rubutu. Ɗan sa-kai a Tokyo ko Liyon ba zai ƙago mana jerin baƙaƙen Tamajak ba, ba zai yanke mana hukunci tsakanin ǝ da ə ba, kuma bai kamata ya yi ba. Wannan aikin masana harshe ne, mu kuwa mun bar shi a cikin takardun taro. Fayil ɗin lokal shafuka kaɗan ne: sunayen ranaku da watanni, alamar sefa, jerin baƙaƙe inda ɓ take bin b, sh take bin s, ts take bin t, ƴ take bin y. Tsarin AZERTY mai ɗauke da baƙaƙen harsuna biyar ɗin nan bai fi ƙarfin ɗalibin digiri na biyu ɗaya daga sashenmu da wani ɗaya daga sashen kwamfuta ba, a Yamai ko a Jami'ar André Salifou ta Damagaram. Mu dai abin da muka iya yi zuwa yanzu shafi biyu ne da Hausa da Faransanci, masu ɗauke da lambobin baƙaƙen da samfurin .XCompose, waɗanda muke ba duk ɗalibin da zai fita ɗaukar bayanai. Wanda yake so ya zo ofishin sashe ya karɓa, ya kuma nuna mana inda muka yi kuskure a ɓangaren Tamajak.