Tsokaci a Kan Kalmomin Tambayoyin Lissafi da Hausa

Tun daga Manufar Ilimi ta Ƙasa ta 1977, wadda ta tanadi fara koyar da yara da harshen uwa, masana ke ƙoƙarin samar wa Hausa kalmomin lissafi. Sai dai a ganinmu, da yawa daga tambayoyin da ake fassarowa daga Ingilishi kan ɗora wa kalma ɗaya ma'ana biyu, har ɗalibin da ya iya lissafin ya faɗi saboda harshe.

Mu ɗauki darasin ƙididdiga. Idan aka ce a nemo “matsakaicin” 2, 3, 3, 4 da 18, wanda ya tara su ya raba da biyar zai sami 6, wanda kuwa ya ɗauki lambar da ke tsakiya zai ce 3. Dukkansu sun bi umarnin, amma ɗaya kaɗai malami zai ba maki. Haka lamarin yake a darasin siffofi, inda ake kiran duk siffa mai kusurwa huɗu “murabba'i”, ko gefunanta sun yi daidai ko ba su yi ba. A aljabara kuma, akan gabatar da x ba tare da sharar fage ba, alhali babu wannan harafi a abacadan Hausa.

Babbar asara tana darasin kashi-kashi. Baya ga rabi, Hausa na da sulusi, rubu'i, humusi, sudusi, sumuni da ushuri, waɗanda ta aro daga Larabci, kuma ake aiki da su a rabon gado da zakka. Inda mamaci ya bar 'ya'ya, matarsa na da sumuni, mahaifiyarsa sudusi. Ba a iya tara 1/8 da 1/6 sai an kasa dukiyar kashi 24, a sami 7/24. Wannan misali yana nuna wa ɗalibi dalilin daidaita lambobin ƙasa, ya kuma kare shi daga kuskuren cewa 1/2 da 1/3 su ne 2/5.

Saboda haka muna ba masu tsara manhaja shawarar su keɓe wa kowace ma'ana kalmarta, a riƙa tsara tambayoyi da Hausa tun daga farko, sannan a gwada su a aji kafin a kai ɗab'i. Malamai kuma su riƙa sa ɗalibi ya maimaita tambaya da bakinsa kafin ya fara aiki.